Kalmar ingilishi « burnish »: ma'anarta, asalinta, da abin da ya haɗa duhu da sheƙi

1. Inda matsalar take

Duk wanda ya yi karatunsa da faransanci, ranar da ya fara gamuwa da kalmar ingilishi burnish yakan bi ɗaya daga hanyoyi biyu. Ko dai idonsa ya faɗa kan gaɓar farko, ya tuna da burn « ƙona », ya zaci aikin wuta ake nufi; ko kuwa ya gane ƴar'uwarta ta faransanci, watau brunir, ya ce ai ma'anar a fili take: mai da abu ruwan ƙasa. Na farko ya ɓace sarai. Na biyu ya kama asalin kalmar daidai amma ya saki ma'anarta, domin a ingilishi burnish ba ta faɗin kome game da launi. Abin da take nufi shi ne a goge abu da wani abu mai tauri da santsi har ya yi sheƙi.

Ba don sha'awar tone-tone kawai muka tsaya kan wannan kalma ba. Ɗalibanmu masu nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa suna karanta rahotannin da aka rubuta da ingilishi kan tukwanen Najeriya da na yankin tafkin Cadi, kuma a wurin bayanin tsingaro kalmar tana yawan dawowa. Can tana nuna yadda maginin tukunya ya gama jikinta ne, wanda yake ɗaya daga cikin alamomin da ake rarrabe tukwane da su a danganta su da zamani ko da al'umma. Ɗalibin da ya mai da ita launi ya cika gurbin launi da abin da ba launi ba, ya bar gurbin gyaran jiki wayam, kuma duk lissafin da ya ɗora bisa wannan rabo ya rushe. Misali guda ya isa ya nuna haka. Akwai wasu sanannun tukwane na zamanin da Rumawa suke mulkin Birtaniya, waɗanda aka gina a yankin Dorset suka bazu har arewacin ƙasar tun ƙarni na 2, masana suna kiran su black-burnished ware. In da burnished launi ce, da sunan ya zama « baƙi mai ruwan ƙasa », maganar da ba ta da kai. Baƙaƙen tukwane ne gogaggu.

2. Kalmar cikin danginta

Ingilishi yana da aikatau uku masu kama da juna a siffa da ma'ana, kuma dukansu daga tsohon faransanci ya aro su: polish daga polir, furbish daga forbir (fourbir na yau), da burnish daga burnir. A maganar yau da kullum suna shiga gonar juna. A bakin masu sana'a kuwa akwai iyaka, kuma iyakar ce ta shafe mu.

Mai yin polish yana cin jikin abin da yake gogewa. Yana aiki da yashi, ko toka, ko garin dutse, yana somawa da mai kaushi yana ƙarewa da mai laushi, har ƙananan tudun da ke jikin abin su zaizaye. Mai yin burnish ba ya rage kome. Dannawa yake yi: yana bi da dutse mai santsi, ko haƙori, ko gogaggen ƙarfe, yana kwantar da tudun cikin kwarin, jikin abin ya haɗe ya yi tauri. Shi ya sa wannan aiki ya fi dacewa da abin da ke karɓar danni, kamar zinariya da azurfa da tagulla da fata da takarda, da yumɓun da ya sha iska amma bai bushe sarai ba. Ga mai shafa zinariya bisa itace ko bisa takarda ma ba shi da zaɓi, don fallen zinariyar ya yi siririn da in an ce za a ci jikinsa ba abin da zai saura. Wani ɗan zuhudu da ya kira kansa Theophilus, cikin littafinsa na latin kan sana'o'i da aka rubuta a farkon ƙarni na 12, ya ambaci haƙori da wani jan dutse mai ƙarfe a jikinsa a matsayin kayan wannan aiki. Cennino Cennini, mai zane ɗan Italiya, wajen shekarar 1400 ya lissafa haƙoran kare da zaki da kerkeci da sauran namun da ke cin nama. Har yau masu ɗaurin littattafai a Faransa suna kiran wani irin brunissoir mai lanƙwasa dent de loup, ko da yake da dutsen agat ake yin sa.

Furbish ita ce ta masu takubba: cire tsatsa daga makami. Faransanci ya riƙe ta cikin fourbir ses armes, ingilishi kuwa ya fi saninta yanzu cikin refurbish « sabunta ». Ba za mu daɗe a kanta ba. Polish ta fi ban sha'awa, don latin polire kalma ce da masu wanki da bugun tufafi su ma suke aiki da ita: malamin shari'a Gaius, a ƙarni na 2, ya yi amfani da ita inda yake maganar tufafin da aka kai wa mai wannan sana'a. Daga cikin wannan dangi ne interpolare ta fito, wadda asalinta gyara tsohuwar riga ta yi kamar sabuwa, kafin ta zama cusa wa nassi abin da ba nasa ba.

3. Siffar kalmar

Abu biyu ne suka raba burnish da brunir: wutsiyar -ish, da wurin da r ta zauna.

Wutsiyar ba wuya gare ta ga mai jin faransanci. Aikatau na rukuni na biyu suna da saiwa biyu, gajera da doguwa: finir amma nous finissons, punir amma ils punissent. Wannan -iss- gadon latin ne, daga ɗafa-ƙeyar -isc- ko -esc- mai nuna somawar aiki. Bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066, faransanci ya zama harshen fada da na shari'a na tsawon ƙarni uku ko kusa, kuma sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da ingilishi. Cikin wannan zama ne aikatau masu yawa suka ƙetara, kuma doguwar saiwar ce mutanen Ingila suka kama, ba gajerar ba. Daga nan finish, punish, perish, nourish, establish, abolish, banish, cherish. Tsofaffin rubuce-rubuce suna nuna wutsiyar da siffofi dabam-dabam, kamar -is da -iss da -isch, kafin -ish ta yi rinjaye. Sauyin ss zuwa sh bai tsaya ga aikatau ba: push daga pousser take, leash daga laisse, parish daga paroisse, anguish daga angoisse. Wutsiyar ta yi ƙarfi har ta kama kalmomin da ba su gaje ta ba, kamar publish, wadda faransancinta publier ne, babu -iss- a ko'ina cikin jikinsa. Burnish kuwa gado ta ci na halal, kuma an fara ganinta a rubuce cikin ƙarni na 14.

Batun r shi ne musayar gurbi, abin da ake kira métathèse. Tun a tsohon faransanci siffofin biyu suna zaune tare, brunir da burnir. Faransanci ya zaɓi ta farko, ingilishi ya gaji ta biyu. Baƙin r ya saba wannan tsalle cikin harsunan biyu. Fromage a dā formage ne, abin da aka zuba cikin forme. Brebis a dā berbis ne. Ingilishi bird daga brid yake, third daga thridda. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu, ko da yake namu ya fi taɓa gaɓoɓi: bagaruwa da gabaruwa, hawainiya da wahainiya, gauraya da garwaya. Abin lura shi ne wannan ƙaramin tsalle ya yi wa ma'anar aiki babba. Bafaranshe yana jin brun cikin brunir kullum, don haka launin yana jawo aikatau ɗin wajensa. Baturen Ingila ba ya jin brown cikin burnish ko kaɗan, sai kalmar ta yanke hulɗa da launi, ta tsaya kan sheƙi kaɗai. Kamannin da take yi da burn haɗuwar hanya ce kawai: ita ma burn musayar gurbi ce ta kawo ta wannan siffa, kamar yadda jamusanci brennen yake nunawa, amma gidansu ba ɗaya ba ne.

4. Yaya ruwan ƙasa ya zama sheƙi?

Nan ne gizo yake saƙar. Brun ba kalmar latin ba ce. Daga harsunan ƙabilun jamus na dā ta shigo, ita da blanc da gris da fauve. Tun da ana samun ta a italiyanci da sauran harsunan da latin ya haifa, masana da yawa suna ganin ta shiga bakin Rumawa tun da wuri, wataƙila ta hanyar sojan doki na ƙabilun jamus, a matsayin sunan launin doki. Mai jin hausa ba zai yi mamakin wannan zato ba, shi da ya san doki yana da nasa kalmomin launi, akawal da bikili da kili, waɗanda ba a faɗa wa riga ko bango. Cikin jerin kalmomin da ake kira na Reichenau, na ƙarni na 8, inda aka fassara kalmomin latin masu wuya da waɗanda mutane suka sani, an bayyana furvus « mai duhu » da brunus. Ke nan a lokacin duhu ne ma'anar da ta fi fitowa.

To amma ga wata shaida mai ja wani gefe. Waƙoƙin yaƙi na tsohon ingilishi, har da Beowulf, suna siffanta kaifin wuƙa da na takobi da brūn. Waƙar Roland, ta wajen 1100, da brun ta siffanta ƙarfen takobin Olivier. Mawaƙi ba zai yabi takobin jarumi da launin tsatsa ba. Dole kalmar tana faɗin wani abu na yabo, kuma tun ƙarni na 19 mafi yawan masu sharhi « mai walƙiya » suke fassara ta.

An ba da amsoshi iri uku. Ta farko ta ce tun asali saiwar tana ɗauke da ma'anonin biyu. Ƙamusun asalin harsunan Indiya da Turai na Julius Pokorny, na 1959, ya kafa saiwa *bher- mai nufin « mai haske, ruwan ƙasa », ya rataya mata sanskrit babhru da sunayen dabbobin nan biyu da ingilishi yake kira bear da beaver. A ganinmu wannan amsa ba ta warware kome ba: ta ɗauki tambayar ne ta kai ta shekaru dubbai baya ta ajiye. Danganta bear da wannan saiwa ma ba kowa ya yarda da shi ba a yau. Amsa ta biyu ita ce ta Ingerid Dal, masaniyar harshe ƴar Norwe, wadda a 1938 ta ce brūn na makamai wata kalma ce dabam mai nufin « mai kaifi », ƴar'uwar tsohuwar kalmar Sikandinabiya brún « baki, gefe ». Hujja ce mai kyau ga takobi. Sai dai ba ta kai mu ga zinariya da tukunya ba, waɗanda ba a nemansu da kaifi.

Amsa ta uku ita muka fi karkata gare ta. Masu nazarin kalmomin launi na tsohon ingilishi, tun daga W. E. Mead a 1899 har zuwa Nigel Barley a 1974 (shi ne wanda daga baya ya yi suna da aikinsa kan Dowayo na arewacin Kamaru), sun lura cewa kalmomin sun fi kula da haske da duhu da ƙyalli bisa ga irin launin da muke rarrabewa yau. In haka ne, brūn ba ta da ma'ana biyu masu faɗa da juna. Ma'ana ɗaya gare ta: duhu mai ƙyalli, irin na jikin dokin da ya sha kiwo, ko na ruwa mai zurfi, ko na gogaggen ƙarfe. Ido ma yana goyon bayan wannan. Abin da jikinsa yake da kaushi yana watsa haske ko'ina, sai a gan shi fari-fari ta kowane gefe. Abin da aka goge sumul yana mai da haske ta fuska guda kamar madubi: in ka tsaya daidai wurin ya kashe maka ido, in ka gusa kaɗan ka gan shi da duhu. Cennini da kansa ya lura cewa zinariyar da aka goge da kyau takan yi kamar ta yi duhu saboda tsabar haskenta, kuma da kalmar bruno ya faɗi haka. Yumɓu ma in an goge shi da dutse launinsa yana ƙara zurfi.

Blanc ta bi hanya mai kama da wannan ta ɗaya gefen. Asalinta « mai ƙyalli » ne, kamar yadda blank take nufi a jamusanci har yau, kuma wannan tsohuwar ma'ana ce ta saura cikin arme blanche. Takobi ɗaya ke nan ana iya ce masa brun a ƙarni na 12, a ce masa blanc daga baya, ba tare da ƙarfen ya sauya ba.

Akwai shaida kusa da gida da muke so mu kawo, a matsayin kwatance kawai, don ba dangantakar asali tsakanin kalmomin. Turkuɗi da rawanin ɗan Kura, waɗanda ake rinawa a ƙasar Kano ana kai wa Buzaye, darajarsu tana ga abu biyu da ba a raba su: duhun baba da sheƙin bugu. Bayan rini ana ƙara wa ƙyallen garin shuni, a shimfiɗa shi bisa gungume, mabuga su yi ta dukansa da gudumar itace har zaren ya kwanta, jikin ya ɗauki ƙyalli kamar na ƙarfe. Heinrich Barth ya tarar da wannan ciniki yana ci a Kano a 1851. Mai sayen irin wannan rawani a kasuwar Tawa ko ta Agadas ba ya tambayar launi dabam, sheƙi dabam. Abu guda yake dubawa. Wanda ya taɓa riƙe shi a rana ya san abin da mawaƙin Roland yake gani. Kuma bugu, in an duba yadda yake aiki, danni ne ba zaizaya ba, watau ɗan gidan burnish ne.

Harsunan da suka gaji kalmar kowanne ya ja ta inda ya ga dama. Sifaniyanci bruñir da italiyanci brunire sun riƙe gugar ƙarfe. Fotugisanci brunir ya kai har ga gugar tufafi. Mafarautan Faransa suna cewa barewar dajinsu ta brunir ƙahonta sa'ad da ta goge shi a jikin itace, fatar da ke rufe da shi ta sale, ya yi santsi ya kuma yi duhu. A nan ma'anonin biyu sun sake haɗuwa cikin aiki guda. Faransancin masana'antu kuwa ya ƙara dagula lamarin, don brunissage a yau tana nufin guga ta danni, tana kuma nufin baƙanta ƙarfe da sinadari don kare shi daga tsatsa, abin da jamusanci yake kira brünieren. Saboda haka acier bruni magana ce mai harshen damo, alhali burnished steel fuska ɗaya gare ta.

5. Yadda za mu faɗe ta da hausa

Hausa ta tara mafi yawan wannan fili ƙarƙashin saiwa guda: goga, goge, guga, magogi, gogayya. Ba ta raba guga mai ci da guga mai danni da kalma, sai da ambaton abin da aka yi aikin da shi. Abin da muke gugar tufafi da shi ma dutsen guga muke ce masa, ko da na ƙarfe ne mai cin gawayi ko lantarki. Don haka ba mu ga dalilin ƙago sabuwar kalma ba. Abin da muke ba da shawara ga masu tsara jerin kalmomin nazarin tukwane shi ne a raba matakai uku yadda maginan tukwane na Mirriya da sauran wurare za su gane su nan take: lissage, shafe jikin tukunya da jiƙaƙƙen hannu ko tsumma tun tana ɗanya, wanda ba ya ba da sheƙi, brunissage, gugar dutse, sa'ad da ta sha iska, da polissage, wadda masana ba su daidaita kanta ba, wasu suna nufin gugar dutsen da aka kai matuƙa har sawun dutsen ya ɓace, wasu suna nufin guga bayan bushewa. Burnished na rahotannin ingilishi shi ne na biyu, wani lokaci har da na uku. « Mai gugar dutse » ya wadatar, kuma ba ya barin ƙofar da launi zai shigo.

Ma'anar aro ita ce ta fi wuyar fassara. Latin politus « gogagge » ya ba faransanci poli da ingilishi polite: mutumin da aka goge masa kaushin hali. Hausa ma ta kai guga kan mutum, amma gogagge a wurinmu ba mai ladabi ba ne. Wanda ya gogu da duniya ne, ya san kan aiki, yana iya zama marar kunya ma. Burnish ba ta bi ko ɗaya daga waɗannan ba. A jaridun Ingila da Amurka abin da ake yi wa burnish shi ne suna ko mutunci, galibi na ɗan siyasa ko na kamfani, kuma kalmar takan zo da ɗan zunɗe: an danna waje ya yi ƙyalli, ba a cire kome ba, ba a ƙara kome ba. Mai fassara zuwa faransanci yakan ɗauko redorer son blason, wadda take nuna sunan ya riga ya dushe, alhali burnish ba ta buƙatar haka; soigner son image ta fi kusa. Da hausa « wanke suna » tana da aibi irin na redorer, don tana nuna akwai dauɗa. « Gogagge » kuwa yabo ne tsantsa, zai juya maganar. In mai magana bai nufi zunɗe ba, « ƙara wa sunansa kwarjini » ta isa. In ya nufa, sai a ce yana yi wa sunansa kwalliya.